Na Je Pélébina Ɗauko Yayana

Parakou

Ƙarfe biyar da rabi na fito daga gida a unguwar Ladjifarani, bayan sallar asuba. Ɗan zem, mai babur ɗin haya, ya kai ni tashar motocin Djougou. Saura kwana tara ɗaurin auren 'yata Rakiya, kuma wanda zai ba da ita, yayana Mamman, shekara biyu ke nan ba ya ɗaukar wayata.

Mu 'yan Ƙonni ne a Nijar. Ni ina lodin kaya a Gare, tashar jirgin ƙasa, shekara ashirin da shida, shi yana fataucin shanu a Pélébina. Da sojoji suka karɓi mulki a gida, shi ya yi murna, ni na ce a mayar wa mutane ƙuri'arsu. A cikin gardamar ya gane na yi katin ɗan ƙasar Benin. Ya ce na sayar da asalina, ya kashe waya.

Ƙarfe shida da kwata taksi ta cika, mu bakwai da buhunan doya a sama.

Bétérou

Kafin gadar kogin Ouémé 'yan sanda suka tsayar da mu. Na miƙa katina. Jami'in ya duba, ya ce da Faransanci, “An haife ka a Ƙonni?”

Na ce, “Ƙwarai. 'Ya'yana kuma a Parakou.”

Ya mayar mini. Da muka wuce direba ya ce, “Alhaji, in an buga ƙwallo tsakanin ƙasashen biyu, wa kake bi?”

Na ce, “Nijar. Amma a hankali nake ihu.” Mota ta kwashe da dariya.

Djougou

Kilomita ɗari da talatin da 'yan kai, mun iso tara saura kwata. Na ci wasa-wasa da soyayyen wagashi, cukun Fulani, a bakin tasha, na sayi goro, na hau wata motar da ke bin hanyar Bassila. Minti arba'in ta sauke ni.

Pélébina

Na same shi a ƙarƙashin ɗorawa yana duba kofaton wani bijimi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa bai dube ni ba.

“Mutumin Benin ne yau a garinmu?”

“Ƙaninka ne, Yaya. Na zo ka ba da Rakiya.”

“Ka nemi wanda ya ba ka kati ya ba da ita.”

Na ce ba zan koma ba sai da shi. Na shimfiɗa tabarma a zaurensa na zauna. Matarsa, Hassu, ta kawo sakwara da azahar, muka ci a kwano ɗaya. Sai bayan la'asar ya buɗe baki.

“Sahabi, tun muna yara baƙi ke juya ƙasarmu. Yau ta ɗaga kai, kai kana zaginta.”

“Ban zage ta ba. Na ce a buɗe iyaka, a yi zaɓe. Inna tana Ƙonni da ciwon ƙafa, rabona da ita tun kafin a rufe gadar iyaka. Wannan ne zagi?”

“Katin fa?”

“Uwar Rakiya a Parakou na binne ta. Kai ma Habu ɗanka yana kwance a bayan garin nan. Ƙasar da ta karɓi gawarmu zan ce ban san ta ba?”

Ya ce, “Ra'ayina yana nan.”

Na ce, “Nawa ma. Ba ra'ayinka na zo ɗauka ba, kai na zo ɗauka.”

Ya kira Hassu ya ce ta fito masa da babbar rigarsa.

Komawa

Na kwana a zauren. Ƙarfe bakwai na safe muka kama hanya, muka canza mota a Djougou. Daga nan har Tourou, dab da Parakou, gardama muke, sai da direba ya ƙara muryar rediyo.

Sha ɗaya da rabi muka shiga gida. Rakiya ta fito da gudu, hannunta duk ƙullu, ta durƙusa gaban Yaya ta ce, “Baba, sannu da hanya.” Ya dafa kanta, sai ya tambaya ina buta.

Na gode wa Allah da ya kai mu lafiya ya dawo da mu. Na gode wa Hassu, wadda na ji daga baya cewa ta wanke rigar nan tun ranar da ta ji an sa ranar aure.