Shafaffen Mudun Yaya Ladidi

Kakar bana ta cika shekara ashirin da ɗaya da rasuwar yayata Ladidi, Allah Ya jiƙanta. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba, don ita ba mutuniyar jarida ba ce. Da za ta ji an sa sunanta a takarda, cewa za ta yi a miƙo mata takardar ta ƙunshe daddawa. Amma bana na kasa zama. Tun da aka fara muhawarar nan a rediyo, wai ko ya kamata a tilasta wa masu ɗaukar ma'aikata su biya mace daidai da namiji in aikinsu ɗaya ne, na rasa sukuni. In na zauna a ofis sai in miƙe in hau zagaye, in na fita zagayen kuma sai in ji zama nake so. Matata ta ce hawan jini ne, in je a auna ni. Ni na san ba shi ba ne.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke da Ladidi, ta ba ni shekara tara, kuma a bayanta na yi wayo. A wani ƙauye arewa da Minjibir aka haife mu, inda gonar wannan ke jingine da ta wancan, ba ka samun ko taku goma na ƙasar da ba ta da mai ita. Doguwa ce, mai saurin hannu da saurin baki, ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce shi. Mijinta ya tafi cin rani a shekarun farin nan da tsofaffinmu har yau ba sa son ambata, ya dawo da ciwon da bai tashi ba. Ta fita takaba da 'ya'ya huɗu da rumbun da babu komai a ciki sai ƙaiƙayi.

Wanda bai ga shekarun nan ba, ba zai gane ba. Mun yi shuka sau uku a damina ɗaya, rana ta cinye duka. Gidajen da ake dafa tuwo sau biyu suka koma tafasa da rama, a barbaɗa ɗan ƙuli in an samu. Kuɗi ya zama abin banza, don kana riƙe da shi a kasuwar Ɗambatta ka rasa mai sayar maka da gero. Saboda haka duk mai neman ƙwadago hatsi yake so a biya shi. A garinmu mutum ɗaya ne ke da tsohon gero a ajiye, wato kawunmu Alhaji Mamman, ƙanen mahaifiyarmu, kuma gonarsa ta gefen fadama ce kaɗai ta yi 'yar gyaɗar kirki a shekarar. Ni a lokacin ina da shekara ashirin da biyu, na gama kwalejin horon malamai ina jiran a tura ni aiki. Kawu ya ɗora ni a kan awon ladan ma'aikata, wai ɗan boko ba a yi masa wayo.

Tsinkar gyaɗa, wato raba ta da harawarta bayan an cire ta bushe, aikin mata ne tun kaka da kakanni, yawanci tsofaffi da zawarawa. Amma yunwa ta kori kunya. A shekarar sai ga magidanta da gemunsu sun zo sun durƙusa a gefen mata suna neman a sa su. Abin dariya ne in ka gani, in da a lokacin akwai mai ƙarfin dariya. Yatsun da suka saba da garma ba su san tsinka ba, sai su damƙo su fizga, rabi a hannu rabi a jikin harawa. Yaya Ladidi ce ta riƙa kama hannunsu tana nuna musu yadda ake murɗawa. Kafin la'asar takan cika kwando biyu, namijin da ke kusa da ita yana ta fama da na farko.

Da la'asar sai a yi layi a gaban tabarmata. Kowa mudu ɗaya na gero, mace da namiji, kuma mudun guda ne. Bambancin a hannuna yake. In namiji ne, sai in cika masa har ya yi tozo yana zubowa ta gefe. In mace ce, sai in cika, sannan in sa gefen hannun dama in shafe bakin mudun, tozon ya koma tsibi. Haka Kawu ya nuna mini ranar farko, kuma ya ba ni dalili: namiji ƙwadago ya zo yi, lada ake biyansa, ita kuwa mace taya mu take yi, abin da aka ba ta alheri ne. Ban ji komai a raina ba. Na karanta a allo abin da aka tanadar wa masu tauye mudu, amma a tunanina wannan maganar 'yan kasuwa ce, mu al'ada muke bi.

Kwana uku tana karɓa ba ta tanka ba. A na huɗu, ina ɗaga hannu zan shafe, sai ta riƙe mini wuyan hannu a gaban kowa.

"Audu," ta ce, "abin da kake sharewar nan, ka san ko mene ne? Kunun Sa'a ne na safe." Sa'a ita ce autarta, lokacin ba ta fi shekara biyu ba.

Na ce, "Yaya, ba ni na tsara ba. Kawu ya ce ku taya mu kuke yi."

"Wa nake tayawa?" Ta waiga ta dubi layin. "Shi da na koya wa aikin jiya? In ana cewa namiji ne ke ciyar da gida, to nuna mini namijin da ke gidana."

Na ji kunya, amma ba irin kunyar da ta kamata ba. Kunyar an tsinka ni a gaban mutane na ji. Na zame hannuna, na shafe mudun, na juye mata a ƙwarya. Ta ɗauka ta tafi. Washegari kuma ta dawo, don ba ta da inda za ta.

Kada a ce ban yi komai ba, na yi abin da ragwaye ke yi. Na je wa Kawu da maganar ina sosa ƙeya, ya ce in ya daidaita mata da maza, mazan za su ce an wulaƙanta su, kuma geron ba zai kai ƙarshen aikin ba. Ban musa ba. Sai na ɗebi gero a aljihun rigata na kai mata gida a ɓoye. Ta leƙa aljihun, ta dube ni, ta ce in mayar. Wai ita ba ta aike ni sata ba, abin da ta yi wa gumi take so a auna mata a inda ake auna wa kowa. Na mayar ina jin haushinta. Sa'a ta rayu, alhamdu lillahi, yau har da jikoki. Amma ita ce mafi ƙanƙanta a danginmu na dogaye, kuma duk sanda ta durƙusa gaishe ni sai in kau da ido.

Da duniya ta yi sauƙi, Yaya Ladidi ta kama awon hatsi a cikin gida, ta shekara kusan talatin tana yi, da shi ta aurar da 'ya'yanta. Mudunta ya yi suna a unguwa, kowa ya zo sai ta tula masa har ya zubo. Ni kaɗai ne ban da. In na aika a auno mini, ko na je da kaina, sai ta cika, ta dube ni ta gefen ido, ta sa hannu ta shafe a hankali. "Awon mata, Malam Audu," sai ta ce, ta fashe da dariya. Nakan taya ta dariyar. Na ɗauka wasa ne na tsakanin ya da ƙane, ban lura ba cewa ko sau ɗaya ba ta manta ba.

A ciwonta na ajali na je na zauna a bakin gadonta da hantsi, na ce ta yafe mini abin da ya faru a gonar Kawu. Na zaci za ta ce wane abu, ai ya wuce. Sai ta ce, "Nawa na yafe tun tuni. Amma fa ba ni kaɗai ce a layin ba." Mata goma sha uku ne a layin nan. A ranar da take wannan maganar, saura biyu a raye.

Yanzu ga abin da ya hana ni zama. Bayan na yi ritaya na buɗe 'yar makarantar firamare a garinmu, aji shida, malamai tara, biyar mata. Akwai Malama Hassana, shekararta tara tana riƙe da aji uku, ita ce duk yaron da ya gagara karatu ake kai wa. A farkon zangon nan na ɗauki wani saurayi sabon kammalawa, na ce ta nuna masa yadda ake tsara darasi. Wata bai ƙare ba ta gano albashinsa ya fi nata. Ta shigo ofis da sallama, cikin ladabi, ta tambaye ni dalili. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Ai Malama ke kina da miji, taimaka mana kike yi." Kuma ina faɗa hannuna na dama yana tafiya a kan tebur, daga hagu zuwa dama, kamar mai share ƙura. Babu ƙura a teburin. Shekara hamsin, hannun nan bai manta aikinsa ba.

Da muka haɗu da 'yan'uwana masu makarantu, kusan duka sun ƙi maganar doka. Kuma ba zan ce hujjarsu banza ce ba. Shekarun wahala sun dawo da sabuwar riga. Iyaye na cire 'ya'ya saboda kuɗin makaranta, alli ma ya yi tsada, wasu masu makarantun sun ce in aka matsa musu za su daina ɗaukar mata gaba ɗaya, kuma na san za su iya. Wani ya ce Musulunci ya ɗora ciyarwa a kan namiji. Gaskiya ne, amma ban taɓa jin malamin da ya ce wannan ya halatta wa mai aiki ya rage ladan mace ya sa a aljihunsa ba. Wani dattijo ya ce a bar kowa da tsoron Allah, doka ba ta gyara zuciya. Nan ne na kasa haƙuri. Na ce masa ni ban taɓa barin salla ta wuce ni ba a shekarar farin nan, kuma babu wadda nake ƙauna a duniya kamar matar da ke tsaye a gabana, amma na shafe mudun. Da a ce akwai wanda ya fi Kawu ƙarfi ya ce ba a shafewa, da Sa'a ta sha kununta, ko zuciyata ta gyaru ko ba ta gyaru ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya Ladidi za ta ce da ta ga yau. Za ta yi mamakin mata a kan kujerar ofis, suna allura a asibiti, suna koyar da 'ya'yan mutane, za ta ji daɗi ƙwarai. Sannan, na san ta, za ta matsa kusa ta tambayi ɗaya nawa ake ba ta, nawa ake ba wancan. In ta ji amsar ba za ta yi dogon bayani ba. Za ta ce ashe mudun ne aka daina gani, hannun yana nan. A ganina ba za ta damu da sunan dokar ba, ko wa ya kawo ta. Abin da ta nema bai wuce a auna mata a fili, a gaban mutane, kuma a kira aikinta da sunansa.

Kabarinta ya daɗe da bajewa, ko ni da na sa ta a ciki ba zan iya nuna wurin daidai ba. Mudunta yana wurin Sa'a, ya tsage, an ɗinke shi da waya. Yaya Ladidi ba ta bar gadon gida ba, ba ta bar gona ba. Abin da ta bari tambaya ce mai kalma uku, "Wa nake tayawa?", kuma ta fi ƙarfin shekara ashirin da ɗaya na ƙasa.

Ban jira doka ba. Na dakatar da rufin ajin da na yi niyyar yi kafin damina, na daidaita albashin malamaina daga wannan watan, kowa gwargwadon aikinsa da daɗewarsa. Abokaina sun ce na ɓata musu kasuwa, biyu ba sa amsa gaisuwata sosai. Ranar da na kira Malama Hassana na gaya mata, gaskiya ina jiran godiya, har na gyara zama. Ta saurara har na gama, ta ce Allah Ya saka da alheri. Ta miƙe, ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo.

"Baba, to na shekara taran fa?"

Na ɓoye hannuna na dama a ƙarƙashin tebur. Har yau ban ba ta amsa ba, kuma ita tana raye, ba ta ce ta yafe ba.

Allah Ya jiƙan Ladidi da sauran matan layin nan, Ya cika musu mudu ranar da babu mai shafewa.