Sulusin Kamiyon Alhaji Sanda

Har gobe ban manta da ranar da aka raba gadon maigidana Alhaji Sanda a unguwar Lajifarani da ke Paraku ba. Zamanin juyin juya hali ne, lokacin da kowa ya koma kamarad. Ni ne direban kamiyonsa, wato babbar motarsa guda ɗaya tilo, ina jigilar doya tsakanin Jugu da Paraku, da ita nake ci da iyalina.

Ku yaran yanzu ku gane: gado na magada ne, wasiyya kuwa kyauta ce da mamaci ke bar wa wanda ba ya gadonsa, kuma ba ta wuce sulusi. To, Alhaji, Allah ya jiƙansa, ya yi wasiyya a ba ni sulusin motar. Na yi kuka don daɗi.

Liman ya ce a bar mota ta yi ta aiki, kowa da rabonsa. 'Ya'yan Alhaji biyu, Bala da Isa, ba sa ga maciji. Bala ya ce, "Malam, ni a ba ni nawa in gan shi da idona."

Sai ga delegen unguwa, wakilin juyin juya hali, da jakarsa. Ya ce, "Kamarad, kalmar gado ta 'yan jari-hujja ce. A rarraba kayan aiki, kuma ma'aikaci ne zai fara zaɓa."

Na ce, "Ranka ya daɗe..."

"Kamarad!"

"Kamarad, mota ba rago ba ce."

Ya ce in daina raina haƙƙina. Nan take aka kira bakanike. Ina tsaye aka kwance ta. Bala ya kwashe inji, Isa ya ja bodi da tayoyi, Hajiya da ke cikin takaba aka aika mata tumuninta: batir da tamfol. Ni kuwa na zaɓi kan mota, don a nan kujerata take. Delege ya sa aka yi mini tafi.

A amalanke na kai abina gida. Uwar 'ya'yana ta zagaya shi, ta leƙa ciki, ta ce kaji za su ji daɗi.

Ga abin da sana'ar nan ta koya mini: in maigidanku yana ƙaunarku, ku roƙe shi ya nuna tun yana da rai. Ina yaron gida, ban taɓa rasa lodi ba. Ranar da na zama mai mota, a ƙafa na tafi tasha neman aiki.