Dokar Safa

Masana tarihi sun cika littattafai da dalilan faɗuwar dauloli, amma ban ga wanda ya leƙa tsakanin ɗan yatsan ƙafa da maƙwabcinsa ba. Ni kuwa a nan tawa daular ta kusa rushewa.

Shekarun baya, da aka ba ni mataimakin shugaban makaranta a Kambarawa, na yanke hukuncin cewa muƙami ba ya tafiya da silifas. Na koma safa da takalmi sau-ciki, na kuma kafa doka: ɗalibin da ya zo ba safa, shara ce tasa. Na yi shekaru ina mulki lafiya, kafin wani tabo mai saɓa ya fito mini a ƙafar hagu, da ƙaiƙayin da bai san girman ofis ba.

Abokina ya rantse da man birki. Mahaifiyata ta aiko da saiwa. Na shafa wani man da aka ce yana maganin komai. Tabon ya kwanta kwana huɗu, ya dawo da iyalansa.

Ana haka aka sa ranar nema wa ƙanena aure a Ƙofar Durbi, ni ne kuma mai magana.

"Yaya, don girman Allah," in ji shi, "kada ka yi susar nan gaban surukaina. Cewa za su yi gadonmu ce."

Dole na tafi asibiti. Likitar na ganina ta miƙe tsaye.

"Malam! Ba ka gane ni ba? Sau uku na share maka filin taro."

Ta duba ƙafar cikin ladabi, ta ce, "In ka yi alwala, kana goge tsakanin yatsu kafin ka mai da safa?"

Na amsa laifina kamar ɗalibi.

"To Malam, wannan ciwo damshi da ɗumi yake so, kai kuma kullum kana ba shi, a kan lokaci. Ga man da ya dace, safe da yamma, ko ya ɓace kada ka daina sai wata ya cika. Ka riƙa busar da ƙafa. Safa kuma," ta danne dariya, "an dakatar da ita."

Ranar neman aure na shiga zaure da ƙafa tsirara, na yi jawabi ko motsi babu, aka ba mu yarinya. Uban amarya, Allah ya ƙara masa lafiya, tun daga gaisuwa har fatiha yana susar tasa.

Har yau in na tuna nakan yi dariya ni kaɗai. Na koyi cewa wanda ka sa shara yana iya zama mai rubuta maka magani, kuma ƙafa ta fi son iska a kan martaba. Na sha gaya wa matasan malamai wannan, suna gyaɗa kai.

Dokar safa tana nan a makarantar. Ba wanda ya soke ta.