Ayoyin da Na Rubuta a Gefen Hatiman Japan

Shekaruna saba'in da uku a yau, abin da zan ba da labarinsa kuwa ya same ni ne shekara biyu da suka wuce, da furfurata da hankalina, ba da ƙuruciyar da za a yi mini uzuri da ita ba. A wancan lokaci ni mutum ne wanda alƙalami ya ɗaukaka. Na taso a gaban malamin da ya koya mini rubutun Alƙur'ani da zayyana, na zo Alƙahira neman ilimi ina saurayi, kuma Allah Ya ƙaddara a nan zan tsufa. Kowace Juma'a bayan la'asar ɗalibai 'yan ƙasarmu sukan cika falon shaƙƙata, wato gidan da nake zaune, ina koya musu feƙe alƙalamin kara da riƙon takarda. Abin da na fi tsanantawa a kansa shi ne ladabin aya. Na taɓa sallamar wani ɗalibi daga darasi saboda ya aza wayarsa a kan shafin da ya rubuta, na ce masa wanda bai san abin da zai ɗora wa aya ba bai isa ya rubuta ta ba. Mai karatu ya riƙe wannan magana, domin ita ce ta dawo ta same ni.

Likita ne ya umarce ni da yawan tafiya a ƙasa saboda ciwon sukari. 'Yata, wadda take aikin jinya a nan Masar, ta ga yawon da nake yi a bakin Nilu ya gundure ni, sai ta yi mana rajista da wani kamfanin tafiye-tafiye a Wustul Balad, tsakiyar birnin Alƙahira, mai kai mutane Japan, inda ake zagaya tsofaffin wurare a ƙafa tare da jagora. Jagoranmu Bamisire ne wanda ya daɗe a can, yana jin harshensu. Ranar farko a birnin Kyoto ya raba mana wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a kunne domin a ji bayaninsa ana tafiya. Na karɓa na jefa a aljihu. A ganina dattijo ba ya yawo da waya a kunne kamar yaran cikin jirgin metro, kuma abin da ido zai gani, me zai sa a karanta mini shi?

A ɗakin bauta na farko da muka shiga na tarar da mutane sun yi layi a gaban wata taga. A bayanta wani tsoho ne zaune, kansa a aske, yana karɓar wani ɗan littafi mai naɗewa kamar fifita daga hannun kowa. Sai ya buga jan hatimi a shafin, ya tsoma alƙalamin gashi a baƙar tawada, ya ja rubutu daga sama zuwa ƙasa da numfashi guda, ba tsayawa, ba gyara. Na yi shekaru masu yawa ina kallon hannuwan marubuta, amma ban taɓa ganin hannun da ba ya shakka irin wannan ba. Nan take na sayi littafin na shiga layi. Na yi zaton irin hatimin da ake buga wa matafiyi ne a fasfo, sai dai su nasu sun ƙawata shi da gwaninta. Na ga jagora yana magana da hannu yana nuna tagar, sauran mutane suna gyaɗa kai, ni kuwa na'urata tana aljihu.

Malamina ya koya mana cewa idan marubuci ya nuna maka hannunsa, rashin ladabi ne ka tafi ba ka amsa masa da naka ba. Saboda haka na sayi irin alƙalaminsu da tawadarsu a wani kanti, kuma a duk ɗakin bautar da muka je sai in nuna wa mai rubutun da yatsa ya tsallake mini shafin da ke gefe. Da safe bayan na idar da sallah a masauki, kafin 'yata ta zo ta auna mini sukari, sai in zauna in rubuta aya a shafin da aka bar mini, da hannunmu na gida, in kewaye ta da zayyana. Akwai wata siririyar takarda da suke sakawa a tsakanin shafuka. Na ɗauke ta a matsayin tarkace, ina zubarwa.

Ana nan sai muka hau wani tsauni, gwiwoyina suna kuka, muka isa wani ɗakin bauta a cikin itatuwa. Mai rubutun wurin ya buɗe littafina, ya tsaya a kan shafin da na rubuta, ya daɗe yana duba. Sa'an nan ya rufe, ya miƙo mini da hannu biyu yana sunkuyawa, ya ba ni hatiminsa a wata takarda dabam. Jagora ya matso ya ce, ya Hajji, akwai abin da ya kamata ya bayyana mini game da wannan littafi. Na amsa masa da cewa shi jagoran hanya ne, sha'anin alƙalami kuwa a bar wa masu shi. 'Yata ta ce, Baba, da ka saurare shi. Na dube ta irin duban da ta sani. A zuciyata na riga na yanke cewa tsohon ya ga hannun da ya fi nasa ne, ya ji nauyin rubutawa a gefensa. Haka na sauko daga tsaunin ina jin kaina kamar wanda aka naɗa wa rawani.

Da muka dawo Alƙahira ba wanda bai ji labarin ba. Na gaya wa ɗalibaina cewa malaman Japan sun yi musayar hannu da ni, har ɗayansu ya ajiye alƙalami. Aminina, wani dattijo Bahaushen Sudan da ke zaune a unguwar Arba wa Nus, wanda muke zolayar juna tun muna ɗalibai, ya ce shi fa bai yarda da takardar da mai ita ba ya iya karantawa ba, na ce masa hassada ce irin ta wanda bai taɓa wuce Sudan da Masar ba. Bayan 'yan watanni jagoran nan ya zo hutu gida, ya biyo ta wurinmu ranar Juma'a domin ya gaishe ni, falo cike da ɗalibai, aminina yana kusurwa da kofin shayinsa. Na ga dama ta samu. Na ɗauko littafin na ce ya karanta musu abin da malaman can suka rubuta a kaina. Ya ce ma'alish, in yi haƙuri, a bari sai mun keɓe. Na ce a nan nake so, a gaban kowa.

Ya karanta. Ya ce babban rubutun da ke tsakiyar kowane shafi, a mafi yawansu, sunan abin da ake bauta wa ne a wannan ɗaki. Ƙaramin da ke kusurwa yana shaida cewa mai littafin ya zo ya yi girmamawar ibada, ɗayan kuma kwanan wata ne. Ya ce a al'adarsu sai mutum ya fara zuwa gaban abin bautar kafin ya je taga, shi ya sa tun ranar farko ya sanar da mu ta na'ura cewa wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tsaya a kallo. Ya ƙara da cewa tsohon kan tsauni ba tsoron hannuna ya ji ba: su ba sa haɗa wannan littafi da wani rubutu, kuma da ya ga nawa ya gane abu ne mai tsarki a wurina, bai so ya ɗora nasa a kai. Aminina ya ajiye kofinsa, ya karɓi littafin, ya naɗe shi a hankali ya sake buɗewa, ya ce, "Malam, duba inda shafi yake sauka." Na duba. Idan an rufe littafin, kowace aya fuskarta tana kan wancan suna, kuma saboda na zubar da siririyar takardar, jan hatimin ya fito a kan ayoyin. Ɗalibin nan da na taɓa sallama saboda waya yana zaune a gabana. Bai ma ɗago kansa ba, da ma ya yi magana da ya fi mini sauƙi.

Daga ranar na rufe darasi, domin ban ga da wane baki zan sake cewa yaro ya girmama aya ba. Na shiga ruɗanin da har yanzu bai gama sakina ba. Ban yi sujada ga kowa ba, amma na tuna na wanke hannu a kwatarnin ƙofarsu ina yaba musu da cewa sun san tsarki, na kuma mayar da sunkuyawa ga duk wanda ya sunkuya mini. Gaisuwa na yi, ko me? Wani malami da na tambaya ya ce ayyuka suna bin niyya, in raba rubutun biyu in yi istigfari. Wani ya ce in ƙone littafin baki ɗaya. Jagora ya roƙe ni kada in wulakanta shi, domin a can akwai tsofaffin da ake binne su da irinsa. Na wayi gari na saɓa wa ladabin gidana, na kuma saɓa wa na gidan da na baƙunta, duka biyu da alƙalami guda. Na yi ƙoƙarin wanke ayoyin kamar yadda muke wanke allo, sai na tarar tawadarsu ba irin tamu ta gawayi da ƙaro ba ce; idan ta bushe a takarda ta zauna ke nan. Abin da ya fi kunyata ni kuwa, ko a cikin wannan hali, idan idona ya faɗa kan hannun tsohon farko sai in ji yana burge ni, kuma ban san ko wannan ma laifi ne ba.

Aminina ne ya fitar da ni. Ya zo wata Juma'a da ɗaliban da ya iya tattarowa, ba da izinina ba, ya miƙo mini wuƙar da nake feƙe alƙalami da ita, ya ce khalas, ya isa haka, a gabansu na yi alfahari, a gabansu zan yi gyara. Na zauna na yanke shafukana ɗaya bayan ɗaya, littafin yana rabuwa gunduwa-gunduwa a cinyata. Ayoyin muka ƙone su a wuri mai tsabta muka binne tokar. Hatiman na naɗe su a farin ƙyalle na damƙa wa jagora, ya ce zai mayar da su inda aka san yadda ake yi da su. Da na gama, ɗalibin nan na waya ya taso ya tattara guntayen takarda daga kan darduma, ya tambaye ni ko darasi yana nan mako mai zuwa. Na ce yana nan, idan za su zo. Wasu sun dawo, wasu har yau ban sake ganinsu ba, ban kuwa ga laifinsu ba.

Ina kira ga 'yan'uwana masu tafiya ƙasashen mutane, musamman dattawa irina waɗanda aka saba tambaya ba su saba tambaya ba: kada ka miƙa hannu ka karɓi rubutun da ba ka san abin da ya ƙunsa ba domin kawai kyansa ya ɗauke ka, kada kuma ka kai aya inda ba ka bincika ba. Sanin alƙalami a gidanku ba ya sa ka san na gidan wani. Da na sa 'yar na'urar nan a kunne na ɗan lokaci kaɗan, da na dawo da mutuncina da ɗalibaina cikakku. Wanda yake shakkar wannan labari, ban kasance ni kaɗai ba: 'yata ta gani, jagoran ya gani, aminina na Arba wa Nus ya gani, haka ɗalibin da ya share mini darduma, Allah kuwa Shi ne mafificin shaida.