Mutumin da ke cinna wa daji wuta don ya tsira

Da safe yakan shiga dajin gwamnati da adda da ashana. Ya tsuguna, ya murza ciyawa a tafin hannu, ya ji ko akwai sauran danshi. Baba Mai Ashana ake ce masa, kuma ba don yabo ba.

Dajin iri biyu ne. Ta tudu aduwa ce da bagaruwa da kalgo, masu jure ƙishi. Ta rafi maɗaci ne da kanya da kwakwar manja, inuwa har ƙasa. A tsakiya suka cakuɗe, ga ƙananan tsirran magani da ba sa fitowa a tudu zalla ko a rafi zalla. Wannan tsakiyar yake gadi. Damina na ɗaukewa sai ya ƙone ciyawar tudu tun tana ɗanya-ɗanya, wutar ta bi ƙasa a hankali ta mutu. In gobarar rani ta taso daga baya, ba ta samun abin ci.

Makiyaya sun zage shi, sun ce yana ƙone musu abincin shanu. Matarsa ma ba ta raga masa ba.

"Malam, masu gadi da sanda aka san su. Kai kaɗai ne da ashana kamar mai shayi."

Shekarar da na dawo daga karatu, tari ya kwantar da shi a asibiti, ba a yi ƙunar ba. Mafarauta suka saka wuta da bazara, ta ratsa tsakiyar har bakin rafi. Na je na gani. Kututturai ne baƙaƙe, har yau wani gefen bai farfaɗo ba. Daga asibiti ya koma bakin aiki. Likita ya ce ya nisanci hayaƙi.

"Likita, ai hayaƙin ya riga ka zuwa," in ji shi.

Baba, kai ne ka sha hayaƙin da zagin, mu muka sha inuwa. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri.

A watan nan ya yi ritaya, ba a ɗauki kowa a madadinsa ba. Numfashinsa ba ya kai shi ƙofar gida sai ya huta. Amma ya ce zai nuna wa duk mai son koyo yadda ake ƙunar, in dai za a kai shi dajin. Jama'ar gari, mai babur a cikinku ya je ya ɗauko shi bana. Baɗi, likita bai yi alkawari ba.