Ƙwarin da Na Ɗauko a Gaban Mota

Gonata ta Azarori dami ɗari da ashirin take ba ni na hatsi. Bara arba'in ta ba ni, sauran murzuna ta cinye, tsutsar nan mai shiga zangarniya ta rarake ta. Bana hatsi ya fara fitar da kai, kuma na riga na ga malam-buɗe-littafin da ke haifo ta. Shi ya sa da wani malamin jami'a, na sashen nazarin halittu, ya nemi mota a Madawa don raba maganin murzuna, na ce tawa tana nan, ladana jaka biyar daga cikin maganin.

Mun tashi da asuba. Da ya buɗe kwali, sai na ga 'yan jakunkunan algarara, cikinsu hatsi ne da tsutsa da wani ƙwaro da bai kai sauro ba. Ni da na tsufa ina sayar da hatsi, aikina kashe ƙwari, yau an ce in sa su a kujerar gaba kada rana ta taɓa su. Malam ya ce ƙwaron nan yana harbin murzuna ya yi ƙwai a jikinta, 'ya'yansa su cinye ta. Rataye jakar kawai ake yi a itace.

Hanyar Buza duwatsu ne da koramu, har taya ɗaya ta fashe mini. Wata korama ta tsayar da mu har hantsi, muka zauna muna cin kilishi. Nan ya ba ni tarihin sashensu. Da ɗakin aro suka fara, da madubin duba ƙananan halittu guda ɗaya, ɗalibai na layi kamar a bakin rijiya. Yanzu akwai masu adana irin hatsin kakanni, masu binciken ƙasar noma, masu cututtukan bisashe, sai su masu ƙwari. Na tambaye shi nawa ake sayar da jakar. Ya ce ba a sayarwa. Na ji tausayinsa.

A Deule muka tsaya gidan gwaggona. Na san mutanen Keita, inda muka nufa, ba sa barin baƙo ya koma da kaya. Don haka, malam na alwala, na zaɓi jaka biyar mafi nauyi na tura ƙarƙashin gadonta, ban gaya wa kowa ba.

Keita ta burge ni. Tuddan da na sani tsirara yanzu duk jerin duwatsu ne masu tare ruwa, itatuwa sun kama. Manoman can sun saba da masu bincike, har gyara wa malam suke yi wurin ɗaure jaka. Kuma kamar yadda na zata, suka wawashe kwalin, da ƙyar malam ya tsira da uku na Azarori. Na yaba wa kaina.

Bayan kwana biyu muka dawo Deule. Gwaggo ta tarbe mu da fura mai kauri. Na sha, na ce ta miƙo mini ajiyata da ke ƙarƙashin gadonta.

"Wanga hatsi da ka ɓoye? Kai, ɗana, wa ya cuce ka? Duk tsutsa! Na shanya shi, na sheƙe, kaji sun yi biki. Shi ne kake sha."

Malam ya ajiye ludayi a hankali. Ni kuwa na ce:

"Gwaggo, ƙwarin ne kayan!"

"To in ƙwari kake so, rumbuna cike yake, ɗebi."

A Azarori malam ya duba iska, ya rataye ukun nan, ɗaya a gawon maƙwabcina, wanda muka shekara ba ma gaisawa saboda iyaka. Na ce ko a matso da ita wajena. Ya ce Alhaji, ƙwaron bai san iyaka ba, ku kaɗai kuka san ta.

Makon jiya muka gama yanka. Dami ɗari da huɗu na ɗaure. Maƙwabcina ya bi ni har rumbu yana cewa ƙwarinsa sun yi mini ƙodago, in sallame su. Na ba shi dami ɗaya, muka gaisa.

Ga lissafin tafiya: na yi asarar jaka biyar, esansin mota na kwana uku, taya ɗaya da dami ɗaya. Na samu ƙarin dami sittin da huɗu, da maƙwabci. Jakar da na ɓoye wa kaina fura ta zama, wadda aka rataye wa kowa ita ta cika mini rumbu.