Yadda na kai ɗan garinmu ƙofar gidan caca don in rama

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan shafi, a kuma sakaya sunana, domin abin da zan faɗa na daɗe ina ɗauke da shi ni kaɗai.

A ƙarshen shekarun 1970 ni ɗalibi ne a Alƙahira, ina karatun shari'a da tallafin gwamnatin jiharmu. Saurayi ne ni mai saurin hadda da saurin fushi, ɗan malami, wanda kowa a garinmu ya ɗauka shi zai gaji zauren mahaifinsa. Muna haya a unguwar Faisal, a hawa na huɗu na wani gida da ko shafe ba a gama yi masa ba, lokacin in ka leƙa ta taga kana hango gonaki. Mu biyu ne a ɗakin, ni da wani ɗan garinmu da ya girme ni da shekara uku. A gaban mahaifina ya yi karatu tun yana ƙarami, don haka Yaya nake ce masa. Mutum ne mai shiru, mai tsantseni, shi ke tuƙa mana tuwo ranar Juma'a da kukar da ake aiko masa daga gida, shi ke tashina sallar asuba.

Laifina a lokacin shi ne silima. Duk ranar Alhamis in an tashi daga darasi sai in shiga cikin gari in kalli fim, wani lokaci in zauna a gidan shayi in ja shisha tare da abokaina Misirawa. Ban sha giya ba, ban bi mata ba, amma na san ba abin da aka turo ni yi ke nan ba. Sau biyu Yaya yana yi mini magana a hankali. A na biyun na gaya masa shi ba ubana ba ne, ya bar ni in sha iska. Bai ƙara yi mini maganar ba.

Bayan kamar wata biyu wani ɗan kasuwa ya kawo mini kaset daga gida. Mahaifina ya saba aiko mini da kaset cike da gaisuwa da addu'a da labarin unguwa, amma wannan ko minti uku bai kai ba. Ya ce ya samu labarin abin da nake yi, shi bai tura ni Masar don in je ina kallon matan banza a jikin bango ba, kuma kada in sake rubuto masa sai na gyara. Wasiƙa huɗu na rubuta ina ba shi haƙuri, ban samu amsar ko ɗaya ba. Ina shirin zuwa gida a dogon hutu in durƙusa a gabansa, sai ga telgiram cewa Allah ya yi masa rasuwa. Ban ga gawarsa ba, ban ji ya ce ya yafe mini ba. Daga baya ƙanena ya rubuto mini cewa suna gyara littattafan marigayi suka tsinci wasiƙar da ta kai ƙarata, kuma rubutun Yaya ne.

Ban tunkare shi ba. Na ci gaba da cin tuwonsa, ina bin sa sallah, ina amsa masa da ladabi fiye ma da da. Amma duk sanda ya juya baya ina kallon ƙeyarsa ina jin kamar in shaƙe shi. Ba duka nake so in yi masa ba, ba zagi ba. So nake a garinmu a kira sunansa mutane su kawar da kai, so nake mahaifiyarsa ta ji abin da zai hana ta amsa wasiƙarsa. Wata shida na yi ina neman hanya, ina karatu a zahiri, a zuci kuwa ba abin da nake bitarsa sai wannan.

Hanyar ta zo ta bakin wani Alhaji ɗan kasuwa daga Nijar, wanda nake yi wa tafinta in ya zo sarin kaya. Mutum ne mai fara'a da son duniya, yana Hausa yana sirka Faransanci. Wata rana muna shan shayi ya ba ni labarin birnin Iskandariyya da bazara: bakin teku, gidajen rawa da kiɗa, da wani babban otal mai ɗakin caca wanda ba a barin 'yan ƙasa su shiga, sai baƙo mai fasfo. Ya ce duk zuwansa Masar sai ya je ya yi kwana biyu a can, wannan karon ma zai je. Kafin ƙaramar motar haya ta sauke ni a Faisal ranar, na gama tsara komai a kaina.

Na shirya tafiyar nan da natsuwar da ban taɓa shirya wa jarrabawa ba. Da farko na je Iskandariyya ni kaɗai a jirgin ƙasa na safe, na dawo da yamma, na ce wa Yaya ɗakin karatu na wuni. Na ga otal ɗin, na ga ɗakin cacar yana da ƙofarsa daban ta gefen titi, da babban allo a sama mai zanen kati da faifan caca, wanda ko wanda bai iya karatu ba zai gane. Na tambaya aka ce ba a shiga da kyamara, don haka na nemi ɗaya daga cikin masu ɗaukar hoton bakin teku, na sallame shi tun kafin aiki, na nuna masa inda zai tsaya da lokacin da zai zo. Na kama mana ɗaki mai araha a wani masauki kusa da tashar jirgi. Shi kuwa Alhaji ce masa na yi yayana yana da kunya amma yana sha'awar ganin wurin, ya taimaka ya gayyace mu cin abinci ya zagaya da shi. Ya yi dariya ya ce ba matsala, ai malamai ma mutane ne.

Shawo kan Yaya bai yi wuya ba. Mun gama jarrabawa, saura masa shekara ɗaya ya kammala, ga tari da ya dame shi tun lokacin sanyi. Na ce masa iskar teku za ta yi masa magani, kwana uku kawai, mu ziyarci tsofaffin masallatai mu duba shagunan littattafai. Na tuna masa ya ɗauko fasfo saboda masauki. Na ga ya ji daɗi ƙwarai, a zatonsa na huce daga baƙin cikin rashin da na yi.

Ranar farko mun yi yawo, mun ci kifi, da la'asar muka zauna a kan katangar bakin teku ya saya mana gasasshiyar masara. Can sai ya fara zancen mahaifina, yadda ya koya masa alwala da hannunsa, yadda yake raba musu abincinsa, har hawaye suka zubo masa. Wani zai ce a nan zuciyata ta yi laushi. Wallahi ba ta yi ba. Haushi ma ya ƙara kama ni, ina cewa a raina wa ya ba shi damar yi wa ubana kuka bayan shi ya shiga tsakaninmu.

Washegari bayan azahar muka je otal ɗin. Yaya yana sanye da doguwar rigarsa da hular ɗalibai mai farin rawani. Muka ci abinci, sannan Alhaji ya ce mu zo ya nuna mana wani wuri. Aka duba fasfo ɗinmu a ƙofa muka shiga. Da Yaya ya ga korayen tebura da faifan da ke juyawa da kofunan giya a hannun mutane, sai ya tsaya cak. Ya yi salati a hankali, ya ba Alhaji haƙuri cikin ladabi, ya juya ya nufi ƙofar titi. Ko minti biyar bai yi a ciki ba, bai taɓa komai ba. Alhaji ya biyo shi yana dariya yana riƙe da hannunsa, ni kuma na tsaya baya kamar ina ɗaure takalmi. A haka mai hoto ya ɗauke su, su biyu, allon nan a saman kansu. A hanyar komawa masauki Yaya ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa halin Alhaji, mu rufa masa asiri mu yi masa addu'a.

Kwafi uku na sa aka wanke. Na rubuta wasiƙa da hannun hagu ba suna, na ce wannan ɗalibi a teburin caca yake kashe tallafin da ake ba shi. Ɗaya na aika ofishin da ke ɗaukar nauyinmu, ɗaya ga limamin garinmu, ɗaya gidansu. Da na jefa su a akwatin gidan waya, ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ƙirji, na wuce na sayi lemon rake na sha a tsaye.

Ba a rufa wata uku ba takarda ta zo an dakatar da tallafinsa. Shugabannin ɗaliban ƙasarmu suka kira zama don su ji ta bakinsa, ko za su rubuta su kare shi. Ya rantse ya faɗi yadda aka yi, sannan ya nuna ni ya ce ƙanensa yana wurin, a tambaye shi. Na miƙe a gaban mutum fiye da ashirin na ce lallai mun ci abinci tare, amma ni na fita neman wurin alwala, ban san abin da ya yi a ciki ba, ba kuma zan yi shaida a kan abin da ban gani ba. Ya daɗe yana kallona. A nan ya gane.

Da muka koma ɗaki ya fara haɗa littattafansa a kwali. Bai ɗaga murya ba.

"Kai ne ka aika?"

"Ni ne."

Ya ce ranar da zan taso daga gida mahaifina ya aiko masa da saƙo, ya haɗa shi da Allah cewa duk abin da ya ga ina yi ya sanar da shi, kuma sai da ya yi mako biyu yana juya wasiƙar kafin ya aika. Ya ce abin da ya rubuta gaskiya ne, bai ƙara ko harafi ba. Na ce masa wannan bai dame ni ba.

"Ubana ya tafi yana fushi da ni saboda kai. Kai ma ka ɗanɗana."

Ya ɗauki kwalinsa ya sauka. Kunya ta hana shi komawa gida, karatun kuma ya tsaya a nan.

Ni na kammala na koma, aka tarbe ni da girma, na zauna a zauren mahaifina. A garin labarin Yaya ya zama abin yi wa yara gargaɗi, har ana ƙara masa gishiri, wai ya sayar da littattafansa ya zuba a caca. Ina ji ina shiru, kuma zan yi ƙarya in na ce shirun bai yi mini daɗi ba a shekarun farko. Abin da ya fara karya ni mahaifiyarsa ce. Ta daina fita biki da suna, amma wata rana ta zo har gida ta durƙusa daga bakin ƙofa, tsohuwa sa'ar uwata. Ba ta tambaye ni ko gaskiya ne ba. Abin da ta tambaya kawai shi ne ko tarin nan ya sake shi, ko yana samun abinci. Na ce mata lafiyarsa ƙalau. Bayan shekara biyu ta rasu ba ta sake ganinsa ba.

Wajen ƙarshen shekarun 1980 na koma Alƙahira sayen littattafai wa makarantarmu, na yi ta cigiya har aka kwatanta mini inda yake, can gabashin gari a unguwar Arba wa Nus, cikin 'yan Sudan. Na same shi a wani ɗaki na jan bulo yana ɗinkin jallabiya da keke, gemunsa ya yi fari tun bai kai ba, ya auri wata Bahausar Sudan suna da 'ya'ya uku. Ya gane ni nan take. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo shayi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Da na samu bakin magana na ce na zo neman gafara, kuma in na koma zan tsaya a masallacin Juma'a in faɗi gaskiya. Ya tambaye ni wa zan faɗa wa, tunda wadda yake so ta ji tana cikin ƙasa. Na fashe da kuka na riƙe ƙafarsa, ya janye ta a hankali.

"Ban ce na yafe ba, ban kuma ce ba zan yafe ba. Mu bar ta sai mun je can. Sha shayinka kada ya huce."

Na sha. Shi ne ganina da shi na ƙarshe, domin bayan 'yan shekaru labarin rasuwarsa ya iso mu. Masallacin kuma ban taɓa tsayawa ba, na ji tsoron zubewar girmana, wannan ma wani laifin ne a kan na farko.

Abin da na koya shi ne, mai shirin ramuwa yana jin kansa mai gaskiya fiye da kowa, kuma wannan jin shi ke halaka shi. Shi gaskiya ya faɗa a kaina bisa amanar da aka ɗora masa, ni ƙarya na shirya masa da jirgi da masauki da mai hoto, na kuma tsaya a gaban jama'a na rufe ta da harshen malamai. Fushin mahaifina bai ragu da komai ba saboda abin da na yi, na dai ƙara wa kaina hakkin mutum biyu. Ku da kuke zaune da wani a ɗaki ɗaya ko gida ɗaya kuna dafa masa sharri a zuci, ku buɗe baki ku yi faɗan a fili tun yau, ku zagi juna in ta kama, ku ji dalilinsa. Ku kuma da ake kawo muku hoto ko takarda marar suna a kan ɗan wani, ku tambayi wanda ya tsaya ya ɗauka da abin da ya kai shi wurin. Ni yanzu na tsufa, kullum ina yi wa mutane hukunci da nasiha, alhali akwai shari'ar da ke jirana wadda mai ƙarar ya riga ni isa.